Waiwaye: Guguwar Atlantika, daga Hadarin Sahel zuwa Gaɓar Amurka

Yawancin manyan guguwowin da ke afka wa tsibiran Karibiyan da kudancin ƙasar Amurka ba a can ake haihuwarsu ba. Mafarinsu hadari ne da ke tasowa daga gabashin Afirka, ya keto yankin Sahel yana nausawa yamma, har ya faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini, daura da tsibiran Cape Verde. Kusan 60 ne irinsa ke fita a kowace shekara, akasarinsu kuma watsewa suke yi ba wanda ya ji ɗuriyarsu, domin busasshiyar iska mai ƙura da ke fitowa daga Sahara kan shaƙe su tun suna ƙanana.

Wanda ya tsira sai ya tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyas kafin ya yi ƙarfi. Tururi yana tashi ya zama gajimare, zafin da yake saki yana ƙara zuƙo iska daga ƙasa, juyawar duniya kuma ta sa iskar ta riƙa kewayawa saɓanin hannun agogo. Idan gudunta ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna. Idan ya kai 119 ta zama mahaukaciyar guguwa. A tsakiyarta akwai fili da ake kira ido, inda iska ke lafawa, wani lokaci har rana ta leƙo, mutane su fito duba rufin gidajensu suna zaton an gama, sai kawai iskar ta dawo musu ta ɗaya ɓangaren. Takan mutu idan ta hau tudu ko ta shiga ruwa mai sanyi. Lokacinta a hukumance daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, amma a Satumba ta fi yin kaka-gida.

Da can ba a ganin zuwanta. Ranar 8 ga Satumba, 1900, guguwa ta auka wa Galveston a jihar Texas, birnin da ke kan tsibirin da wuri mafi tudu a cikinsa bai kai mita 3 ba, teku kuwa ta yi toroƙo sama da mita 4. Aƙalla mutum 6,000 suka mutu. Daga baya aka gina wa birnin katanga a bakin teku, aka kuma ɗaga ƙasarsa da yashi. A 1943 wani matuƙin sojan saman Amurka, Joseph Duckworth, ya kutsa cikin guguwa da jirgi da gangan, a 1960 kuma aka harba tauraron ɗan'adam na TIROS-1 mai ɗaukar hoton gajimare. Amurka ta fara sa wa guguwa sunayen mata a 1953, aka haɗa da na maza a 1979. Yanzu Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ce ke riƙe da jeri shida na sunaye da ake juyawa, kuma duk guguwar da ta yi mummunar ɓarna akan janye sunanta.

Sai dai ma'aunin Saffir-Simpson da ake rarraba guguwa da shi, mai mataki 1 zuwa 5, ƙarfin iska kaɗai yake aunawa, kuma a ganina nan ne yake ruɗar jama'a, domin ruwa ya fi iska kisa nesa ba kusa ba. Guguwar Mitch ta kai mataki na 5 a kan teku a 1998, amma ƙarfin iskarta ya riga ya ragu sosai kafin ta sauka a Honduras. Abin da ta yi shi ne ta yi ta jan ƙafa kwana da kwanaki tana zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, duwatsu suka zaftare, laka ta binne ƙauyuka a gindin dutsen Casita na Nikaraguwa, sama da mutum 11,000 suka rasu a yankin. Katrina ma a Agustan 2005 an hango ta kwanaki kafin ta iso, amma katangun da ke tare ruwa a birnin New Orleans na Amurka suka fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, waɗanda ba su da motar gudu suka maƙale a kan rufi suna ɗaga wa jiragen ceto hannu. An ƙiyasta asarar dala biliyan 125.

Akwai kuma mutuwar da ke biyo baya bayan sama ta washe. Da guguwar Maria ta ratsa tsibirin Puerto Rico a Satumban 2017, hukuma ta daɗe tana cewa mutum 64 ne suka mutu. Wutar lantarki ta yi kusan wata 11 ba ta dawo ko'ina ba, asibitoci suka rasa yadda za su yi da masu wankin ƙoda da masu buƙatar na'urar numfashi, hanyoyi suka toshe. A Agustan 2018, bayan binciken Jami'ar George Washington, gwamnatin tsibirin ta mayar da adadin zuwa 2,975.