Mene ne lambar firam ta Mersenne?

Lambar firam ita ce wadda ta haura 1, kuma ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13. Kusan duk manya-manyan da aka gano suna cikin rukuni guda, na Mersenne, wanda ya ci sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya wallafa jerinsu a 1644. Siffarsu 2^p − 1 ce: a jera 2 har guda p, a ninka su, a cire 1. Idan p ta zama 5, an sami 32, a cire 1 saura 31, kuma firam ce.

Dole p kanta ta zama firam, amma wannan bai wadatar ba, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Da p = 11 ana samun 2047, wato 23 × 89. Mersenne ma ya sa 67 da 257 a jerinsa alhali ba sa haifar da firam, ya tsallake 61, 89 da 107. Akwai wata alama mai amfani idan p ta haura 2: duk firam ɗin da ke raba 2^p − 1, idan aka cire mata 1, tana rabuwa da 2p. Dubi 23 da 89: 22 da 88 duk suna rabuwa da 22. Da wannan ake tace mafi yawan lambobi tun kafin babban gwaji.

Babban gwajin, idan p ta haura 2, shi ne na masana lissafi Lucas da Lehmer, kuma kyansa shi ne ba ya neman mai raba lambar ko kaɗan. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe ragowar kawai. A maimaita sau p − 2. Idan aka ƙare a sifili, firam ce. In ba haka ba, ba ita ba ce. Gwada 31: daga 4 zuwa 14, daga 14 zuwa 194 ragowa 8, daga 8 zuwa 62 ragowa 0. Matakai 3 ke nan.

A Oktoba 2024 Luke Durant, ta GIMPS, shirin masu sa-kai na neman lambobin Mersenne da kwamfuta da aka fara a 1996, ya gano 2^136279841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani a rukunin. A irin wannan girma, kuskure ɗaya a ma'adanar kwamfuta, saboda zafi ko lalacewar na'ura, yana ɓata duk matakan da suka biyo baya, domin kowane mataki a kan wanda ya gabace shi yake tsaye. Shi ya sa ba a karɓar sakamako sai an sake gwajin a wasu na'urori dabam, da manhajoji dabam. Har yanzu babu wanda ya tabbatar ko lambobin Mersenne na firam suna da iyaka ko ba su da ita.