Ma'anar "Hall of Fame" a gasar ƙwallon kwando ta kwamfuta, da yadda ake auna wanda ya cancanta

Duk mai bibiyar ƙwallon kwando na Amurka ya saba jin an ce wane ya shiga Hall of Fame. A Hausance za a iya kiran wurin da zauren gwaraza: wuri ne da ake adana sunayen waɗanda suka yi fice a wasa bayan sun yi ritaya, domin kada a manta da su. Na ƙwallon kwando yana birnin Springfield a jihar Massachusetts, garin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891, kuma sunansa zauren ke ɗauke da shi. An fara shigar da mutane a 1959. Ba a shiga da roƙo ko da kuɗi. Akwai kwamitin mutum 24 da ke yanke hukuncin ƙarshe, kuma sai mutum ya samu ƙuri'a 18 kafin a buɗe masa ƙofa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya shiga a 2008.

To amma yau kalmar ta fita daga Springfield ta shiga wata duniyar daban, wato gasar kwaikwayo da kwamfuta ke bugawa. A irin wannan gasa mutane ne ke riƙe da ƙungiyoyi a matsayin manajoji. Su ke zaɓen sabbin 'yan wasa, su yi musaya, su tsara albashi, su ce wane zai fara wane zai zauna a benci. Wasan kansa kuwa manhaja ce ke buga shi da lissafi, ta fitar da sakamako. Akwai manhajoji irin su Basketball GM, wadda ake bugawa kyauta a intanet, da Fast Break Pro Basketball, da kuma ɓangaren tafiyar da gasa na NBA 2K. Kakar wasa guda mai wasanni 82 tana iya ƙarewa cikin 'yan makonni, saboda haka gasar da ta shekara biyar a hannun mutane za ta iya tara tarihin kakanni talatin ko arba'in. 'Yan wasan farko sun tsufa sun tafi, waɗanda manhajar ta ƙirƙiro sun zo sun yi zamaninsu su ma sun tafi. A nan ne tambayar ke tasowa: a cikin duk waɗannan, su wa za a tuna?

Wasu manhajojin suna yanke hukuncin da kansu da zarar ɗan wasa ya yi ritaya, ta hanyar wani ma'auni da aka gina a cikinsu. A gasar da ke da mutane da yawa kuwa, manajojin ne ke jefa ƙuri'a, kuma kafin ƙuri'ar sai wani ya tashi ya kawo hujjar ɗan wasan: ga makinsa, ga kofunansa, ga kyaututtukansa, ga dalilin da ya sa ya kamata ya shiga. Wannan hujjar ita ce abin da ake aunawa, kuma auna ta ya fi wuya fiye da yadda mutum zai zata.

Wahalar farko ita ce babu wanda ya taɓa ganin wannan ɗan wasa da idonsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan ganin ne babu. Wanda ya kalli Olajuwon yana juya mai tsaronsa a ƙarƙashin kwando ba ya buƙatar takarda kafin ya yarda gwani ne. Ɗan wasan kwamfuta kuwa ba shi da komai sai lambobi. Ba shi da tarihin jami'a ko na ƙungiyar ƙasa da zai cike masa gurbi, alhali zauren Springfield yana la'akari da duk wannan, shi ya sa Arvydas Sabonis na Lituwaniya, wanda bai zo NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba sai da ya kai shekara talatin, ya shiga a 2011. A gasar kwaikwayo, abin da ka yi a cikin gasar shi kaɗai ne shaidarka.

Lambar da ta fi saurin ruɗar mutane ita ce jimillar maki na tsawon rayuwar wasa. Tana da girma, tana da sauƙin faɗa, tana cika ido. Amma jimilla sau da yawa shaida ce ta daɗewa kawai. A ce ga 'yan wasa biyu. Na farko ya buga kaka 17, kullum yana cikin masu kyau amma bai taɓa zama cikin goma na farko a gasar ba. Na biyu ya buga kaka 9 kacal, a huɗu daga ciki kowa ya san babu kamarsa, sannan rauni ya karya shi. Idan aka jera jimilla, na farko zai wuce na biyu da nisa. Ni dai ƙuri'ata tana wurin na biyu, kuma ba na ɓoye wannan. Zauren gwaraza wurin waɗanda suka taɓa riƙe gasar a hannunsu ne. Duniyar gaske ma ta yarda da haka a kan Bill Walton, wanda ya buga wasa 468 kawai a kakannin NBA saboda ciwon ƙafa da ya addabe shi, amma ya kai Portland ga kofi a 1977, ya zama gwarzon ɗan wasan shekara a 1978, aka shigar da shi a 1993.

Wannan ba yana nufin daɗewa ba ta da daraja ba. A manhajojin nan ƙarfin ɗan wasa yakan fara sauka bayan ya haura shekara talatin, wani lokaci a hankali, wani lokaci ya faɗi warwas a kaka guda. Wanda ya ci gaba da zama cikin biyar na farko a ƙungiya mai ƙarfi har ya kai 36 ko 37 ya yi abin da ba kowa ke yi ba. Abin dubawa shi ne a wane matsayi ya daɗe. Shekarun da ya yi yana ɗumama benci a ƙarshen rayuwarsa, yana ƙara maki huɗu ko biyar a kowane wasa, bai kamata su zama su ne suka tura shi ciki ba.

Sai batun zamani, wanda a ganina shi ne inda aka fi zaluntar 'yan wasa. Ko a NBA lamba ba ta da ma'ana ɗaya a kowane lokaci. A kakar 1961-62, lokacin da Wilt Chamberlain ke cin maki 50.4 a kowane wasa, ƙungiyoyi suna cin kusan maki 119 a wasa. A kakar 1998-99 abin ya sauka ƙasa da 92. Layin maki uku ma, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku maimakon biyu, bai shigo NBA ba sai 1979. A gasar kwaikwayo irin wannan sauyin ya fi tsanani, domin rana ɗaya za a iya sabunta manhaja, ko mai kula da gasar ya taɓa saitin saurin wasa, sai ka ga maki 25 da a da mutum ɗaya ko biyu ke kaiwa yanzu mutum goma sha biyar na kai shi. Haka kuma idan aka ƙara yawan ƙungiyoyi, gwanaye za su bazu, kowa ya samu ƙwallo da yawa a hannunsa. Don haka duk wanda ya kawo mini maki tsirara, sai in tambaye shi: a wannan kakar shi ne na nawa a gasar? Sau nawa ya shiga cikin biyar mafi kyau na shekara? Sau nawa aka zaɓe shi wasan taurari? Waɗannan suna gwada mutum da sa'o'insa, kuma sabunta manhaja ba ya lalata su.

Akwai ma'aunai na zamani da aka aro daga duniyar gaske domin wannan aikin. PER, ma'aunin da ke tattara aikin ɗan wasa a lamba ɗaya, wanda John Hollinger ya tsara, ana daidaita shi kowace kaka yadda matsakaicin ɗan wasa zai tsaya a 15, saboda haka ana iya gwada kakanni daban-daban da shi. Win Shares kuma ƙoƙari ne na raba nasarorin ƙungiya a tsakanin 'yan wasanta, a ce wane ya jawo kaza, wane kaza. Suna da amfani sosai, sai dai dukansu sun fi ganin mai cin maki fiye da mai tsaro. Mutum irin Dikembe Mutombo, wanda ya ci kyautar gwarzon mai tsaro sau 4 ya kuma shiga zauren a 2015 ba tare da kofi ko ɗaya ba, da a gasar kwamfuta yake, da sauƙi a tsallake sunansa idan lambar cin maki kawai ake kallo.

Kofi fa? A nan ne gardama ta fi zafi. Wanda ya ci kofin NBA akan ba shi zobe, shi ya sa za ka ji ana ta ƙirga zobba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Robert Horry yana da zobe 7, biyu da Houston tare da Olajuwon a 1994 da 1995, uku da Lakers, biyu da San Antonio. Ya fi Michael Jordan mai 6. Duk da haka matsakaicin makin Horry a wasa bai wuce 7 ba, kuma ba ya cikin zauren. Karl Malone da John Stockton da Charles Barkley kuwa babu mai zobe ko ɗaya a cikinsu, kuma duk suna ciki. A gasar kwaikwayo hujjar zobe ta ƙara rauni, saboda ɗan wasa ba shi da ta cewa sosai kan inda zai buga. Manaja mai wayo ne ya tara gwanaye, ya yi musaya mai kyau, ya lissafa albashi daidai. Kofin nasa ne kafin ya zama na kowa. Abin da nake nema a wurin ɗan wasa shi ne rawar da ya taka a zagayen neman kofi: shi ne ginshiƙin ƙungiyar, ko kuwa yana cikin ayarin ne kawai? Lambobinsa sun tashi lokacin da aka haɗu da manyan ƙungiyoyi, ko sun sauka? Wanda ya ɗauki ƙungiya mai rauni ya kai ta wasan ƙarshe aka doke su ya fi mini wanda ya tara zobe uku a matsayin na shida a ƙungiyar taurari.

Akwai wani abu da gasar kwamfuta kaɗai ke da shi, wato lambar ƙarfin ɗan wasa da manhajar ke nunawa ƙarara, yawanci ƙasa da 100. A duniyar gaske babu wanda ke da irin wannan lamba a goshinsa. Wasu masu ƙuri'a sukan ce wane ya taɓa kai lamba kaza, don haka gwarzo ne. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Lambar tana faɗin abin da zai iya yi ne, ba abin da ya yi ba. Sau da yawa za ka ga mai babbar lamba wanda baiwarsa ba ta dace da yadda manhajar ke lissafa wasa ba, ya ƙare bai tsinana abin kirki ba, ga kuma mai matsakaiciyar lamba da ya iya jifa daga nesa yana ta kawo nasara shekara da shekaru.

Abu na ƙarshe da ke shiga cikin ƙuri'a, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, shi ne ƙauna. Manajan da ya zaɓi yaro yana ɗan shekara 19, ya yi haƙuri da shi kakanni uku yana fama, ya ga ya girma ya kai ƙungiyar ga kofinta na farko, ba zai iya kallonsa kamar baƙo ba. Wannan ƙaunar gaskiya ce, kuma ita ce ma dalilin da ya sa mutane ke ɓata darensu a kan gasar. Amma tana da wurinta: ƙungiya za ta iya jingine lambar rigarsa, kada wani ya sake sa ta, kamar yadda Houston ta yi wa lamba 34 ta Olajuwon. Zauren gasar baki ɗaya kuwa na kowa ne, shi ya sa ya fi kyau a jira kaka biyu ko uku bayan ritaya kafin a kawo sunan mutum, a sa sharaɗin kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u kamar na Springfield, sannan manajan da ya fi daɗewa da ɗan wasan ya kawo hujjarsa ya koma gefe, sauran su yanke.