Giɓin amfanin aiki da albashi a Amurka

Giɓin amfanin aiki da albashi shi ne tazarar da ke samuwa idan yawan kaya da hidimar da ma'aikaci ke samarwa a awa ɗaya yana ƙaruwa, amma abin da ake biyansa, bayan an cire hauhawar farashi, ya ƙi motsawa. An fi nazarinsa a Amurka, inda cibiyar nazarin tattalin arziki ta EPI da ke Washinton ta yi suna wajen fitar da alƙalumansa.

Tarihi

Daga 1948 zuwa 1973 abubuwa biyun tare suke tafiya, kowanne ya kusa ninkawa. Akwai dalili. A tsakiyar shekarun 1950, kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan ƙasar suna cikin ƙungiyoyin ƙwadago, kuma da su ake zaman yanke albashi. Abin da aka fi kafa hujja da shi shi ne yarjejeniyar Detroit ta 1950, tsakanin kamfanin motoci na General Motors da ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW, wadda Walter Reuther ke jagoranta. Ma'aikata suka amince da shekara biyar ba tare da babban yajin aiki ba, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin fansho, da rabin kuɗin inshorar lafiya, da ƙarin albashi duk shekara saboda bunƙasar aiki, da wani ƙarin idan kaya sun yi tsada. Sauran manyan masana'antu suka bi sahu, har waɗanda ba su da ƙungiya suka amfana. Wannan wadata dai ba ta kai ga kowa daidai ba, don baƙar fata da mata sun samu kaso kaɗan.

Baki bai zo ɗaya ba a kan lokacin da amfanin aiki da albashi suka raba hanya: wasu na cewa 1973, shekarar rikicin mai, wasu 1979. A lissafin EPI, daga 1973 zuwa 2014 amfanin aiki ya ƙaru da fiye da kashi 70 cikin 100, yayin da ladan matsakaicin ma'aikaci bai kai ƙarin kashi 10 ba. Wato shekara arba'in ta ƙarin gumi da sababbin injuna ta wuce, ɗan abin da ya taɓa aljihun talaka bai taka kara ya karya ba.

Dalilai

Raunin ƙungiyoyin ƙwadago na kan gaba. A 1981 shugaba Ronald Reagan ya kori jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 da ke yajin aiki, abin da ya ƙarfafa wa kamfanoni gwiwar maye gurbin masu yaji. 'Yan ƙungiya sun ragu daga kashi 20 a 1983 zuwa kusan kashi 10 a 2023. Mafi ƙarancin albashi na tarayya ya fi daraja a 1968, kuma yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009. Ana kuma ambaton kwashe masana'antu zuwa ƙetare, musamman bayan shigar Sin ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, da na'urorin da ke maye gurbin mutane, da ɗimbin kuɗin da shugabannin kamfanoni ke kwasa.

Saɓani

Masanin tattalin arziki Martin Feldstein da wasu masana sun ce giɓin yana raguwa sosai idan aka haɗa inshora da fansho, aka kuma auna ɓangarorin biyu da ma'aunin farashi ɗaya. EPI na amsawa da cewa albashin masu manyan muƙamai ne ke ɗaga jimlar.

Wasu ƙasashe

Ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba ta OECD ta ga irin wannan a ƙasashe mambobinta da dama, sai dai girmansa ya bambanta.