Tambayoyi Kan Amfani da Fasahar Zamani a Cikin Aji

Idan malami ya haska darasinsa a bango da majigi, ai shi ke nan ya shigo da fasaha aji, ko?

Ya shigo da na'ura dai. Ɗalibai kuwa suna nan yadda suke, sun zuba ido suna kwafa. Kowane malami ya san abin da ke faruwa idan ya jefa tambaya: hannaye uku ko huɗu ne ke tashi, kullum su ɗin ne, sauran sun sunkuyar da kai. A ganina, amfanin fasaha a aji shi ne ta jiyo wa malami muryar waɗannan masu shirun.

Wace manhaja ce ke yin haka?

Akwai Kahoot!, wadda aka ƙaddamar a ƙasar Norway a 2013. Tambaya na fitowa a allo, kowa ya danna amsa a wayarsa, nan take malami ya ga adadin waɗanda suka gane. Sai dai tana ƙara maki ga mai saurin amsawa, don haka yaro mai tunani a natse yakan koma baya. Ni Plickers ta fi kwanta mini a rai. Ɗalibi ba ya buƙatar waya, kati ne kawai da aka buga a takarda, mai gefe huɗu, A zuwa D. Zai juya amsarsa ta koma sama ya ɗaga, malami ya zagaya ajin da kyamarar wayarsa. Zanen kowane kati daban yake, na kusa ba zai gane abin da ka zaɓa ba, kunyar kuskure ta ragu.

Idan amsoshin sun fito, sai a yi yaya?

Nan ne aikin yake. Farfesa Eric Mazur na Jami'ar Harvard a Amurka ya fara wata hanya a farkon shekarun 1990. Idan aji ya rabu biyu kan amsa, ba ya faɗin wadda ke daidai. Cewa yake kowa ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin gamsar da shi, sannan a sake zaɓe. Wanda bai daɗe da fahimtar abu ba yana tune da inda ya sha wuya, shi ya sa bayaninsa ke saurin shiga kunnen ɗan'uwansa.

Darasin kimiyya fa, idan babu ɗakin gwaji?

PhET, manhajar kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya wadda masanin kimiyya Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002, kyauta ce, kuma ana iya sauke gwaje-gwajenta a yi aiki ba intanet. Ɗalibi zai haɗa batir da wayar lantarki da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta. Kafin ya ƙara batir na biyu, malami ya tambayi ajin me suke tsammanin zai faru, kowa ya rubuta, sannan a gwada.

Waya ba za ta ɗauke musu hankali ba?

Za ta ɗauke, muddin tana hannu ba aikin yi. A fito da ita lokacin tambaya, an gama a kifa ta a kan tebur.