Waiwaye: Yadda Tunisiya Ta Zama Matattarar Masu Neman Magani

A garuruwan Chadi da Kamaru irin su Njamena da Kusiri da Garwa, idan ciwon zuciya ko na ƙoda ko na daji ya gagari asibitocin gida, Tunisiya na cikin ƙasashen da dangi kan fara ambata, tare da Masar da Indiya. Asalin wannan suna da ta yi yana komawa ne ga shekarun bayan samun 'yancin kai a 1956, lokacin da gwamnatin Habib Bourguiba ta zuba dukiya a ilimi da kiwon lafiya. An buɗe makarantar koyon aikin likita ta birnin Tunis a 1964, sannan na Sfax da Sousse a 1974, har likitoci suka wadata, wasu suka kafa asibitocin kuɗi.

Sai dai halin da maƙwabciyarta Libiya ta shiga ne ya mayar da abin sana'a. A 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana jiragen sama shiga Libiya ko fita daga cikinta saboda rikicin Lokabi, wato zargin da aka yi mata na tarwatsa wani jirgin fasinja a sararin garin Lokabi na Scotland, kuma har zuwa 1999 da aka dakatar da takunkumin, Libiyawa ta mota suke ƙetara iyakar Ras Jedir zuwa Tunisiya, abin da ya cika asibitocin Sfax da Jerba da marasa lafiyarsu. Yaƙin Libiya na 2011 ya ƙara yawan majinyata, amma ya bar tarin bashin da hukumomin Libiya suka daɗe ba su biya ba. Wannan ya sa masu asibitocin suka ƙara karkata ga ƙasashen kudu da Sahara masu amfani da Faransanci kamar likitocin Tunisiya, inda takardar likitan Chadi ko Kamaru ba ta buƙatar tafinta. Yaƙin Sudan na 2023 kuma ya toshe hanyar Khartum, wadda 'yan Chadi da dama suka saba bi.

Yau cinikin a waya ake ƙulla shi. Ɗan uwa ya ɗauki hoton sakamakon gwaji ya tura wa dillali ta WhatsApp, a aiko da kiyasin kuɗin aiki, dangi su yi karo-karo, wani lokaci har a sayar da shanu ko fili. Kiyasin nan kuwa sau da yawa bai haɗa da hayar ɗakin mai jinya ko kwanakin da za a ƙara idan aiki ya zo da tangarɗa ba. A ganina babban giɓin yana bayan dawowa ne, domin wanda aka yi wa aikin zuciya a Tunis yana buƙatar likitan da zai ci gaba da duba shi a Marwa ko Abeshe, kuma ba kasafai ake tanadar wannan kafin tafiya ba.