Shirgi da kwalema a gidajen yawa na Katsina

Shirgi, ko tarkace, shi ne kayan da suka taru a gida, an daina amfani da su amma ba a rabu da su ba. Kwalema kuwa ita ce fito da kayan ɗaki waje a share, a kakkaɓe, a ware na zubarwa. A gidajen yawa na tsohon birnin Katsina, irin na Gafai da Rafindadi, magidanta da dama ke tarayya a zaure ɗaya da tsakar gida ɗaya, don haka ba a taɓa shirgi sai an san mai shi.

Asali

Tsohon gidan Bahaushe ya ba kowane kaya mazauninsa. Hatsi na rumbu, tufafi na adaka, ƙwaryar nono da ta tuwo na rataye a ragaya don gudun gara da ɓera. Turmi da taɓarya da dutsen niƙa suna tsakar gida, matan gidan duka na amfani da su. Abin da ya fi cin wuri shi ne jeren amarya. Da fari ƙorai ne da faya-faye da tasoshi. Wajen tsakiyar ƙarni na 20, bisa ƙiyasi, kwanukan samira da langa da ake shigowa da su daga waje suka maye gurbinsu, ana jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Jeren ado ne, kuma ajiya ce: in wata buƙata ta taso, mace kan miƙa wa dillaliya 'yan kwanuka ta kewaya da su gidaje. Shi ya sa tsofaffi ba sa kiran kwanon da ba a ci a cikinsa shirgi, kuma suna da gaskiya. Daga baya kabet da gadon katako da kujeru suka shigo ɗakunan da aka gina su domin gado ɗaya da tabarma.

Mallaka

Kayan ɗaki na mace ne, miji ko kishiya ba su da ikon zubar da su. A fiƙihun Malikiyya, in ma'aurata suka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, abin da aka saba gani na mata ana ba matar bayan ta rantse, na maza a ba mijin. Jinkirin rabon gado kan bar ɗakin mamaci a kulle shekaru, kayan na lalacewa.

Lokacin kwalema

An fi yin ta gab da Sallah, da lokacin biki, da kafin faɗuwar damina, tunda danshi ke jawo gara. 'Yan gwangwan na sayen tsohon ƙarfe da dalma a kan sikeli. Tufafi a bayar da su sadaka.

Saɓani

Wasu malamai na ganin yawan kayan ɗaki almubazzaranci ne. Iyaye mata da yawa na ganin mutuncin 'yarsu ne a gidan miji.