Ra'in Matantaka

Ra'in matantaka, wanda aka fi kira feminizim, fagen nazari ne da ke bin diddigin yadda ake rabon iko, dukiya, ilimi da aiki tsakanin maza da mata. Ginshiƙinsa tambaya guda ce: cikin bambancin da ake gani tsakanin namiji da mace, wanne ne halitta, wanne ne al'ada ta ɗora? Haihuwa da shayarwa halitta ne. Amma a ce yarinya ta ɗauki tiren talla yayanta yana aji, wannan tsarin mutane ne, mutane kuma na iya sauya shi.

A Turai akan fara tarihinsa daga Mary Wollstonecraft ta Ingila, wadda a 1792 ta rubuta cewa rashin ilimi ne ya sa ake ganin mata da ƙarancin hankali. Akan raba tarihin zango-zango: zangon farko ya tsaya kan ƙuri'a da mallakar dukiya, tun daga taron Seneca Falls na Amurka a 1848. Matan Amurka sun samu ƙuri'a a 1920. Zango na biyu ya leƙa cikin gida. Simone de Beauvoir ta Faransa ta nuna a 1949 cewa tarbiyya ce ke ƙera abin da ake kira halin mata, na bayanta kuma suka ja hankali kan girki, wanki da raino, aikin da ba a biya kuma ba a lissafa shi cikin tattalin arziki. Daga baya mata baƙar fata suka ce ba da yawunsu aka yi duk wannan magana ba. A 1989 Kimberlé Crenshaw, masaniyar shari'a 'yar Amurka, ta bayyana yadda jinsi ke sarƙewa da launin fata, har nauyin ya zama biyu a kan mace ɗaya.

Ra'in ba baki ɗaya yake ba. Wasu na ganin gyaran doka ya isa, 'yan gurguzu na ɗora laifi a kan jari-hujja, masu tsattsauran ra'ayi kuwa na cewa danniyar maza ce tushen komai. Masanan Afirka irin su Obioma Nnaemeka sun fifita sasanci da maza a kan fito-na-fito.

A Kano, kalmar kanta tana da baƙin jini. Da yawa na jin ta a matsayin kayan aro mai raba aure. Sai dai muhawarar ta girmi kalmar. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu ga matan karkara. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, ta nemi a ba matan Arewa ƙuri'a, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a wannan gwagwarmaya, amma sai a 1976 aka ba su. Ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, ta bi hanyar neman haƙƙi daga cikin Musulunci: sadaki, gado, ciyarwa, hul'i. A adabi, Balaraba Ramat Yakubu ta taɓo auren wuri da sakin wulaƙanci.

Inda ra'in Turai ya fi yin tuntuɓe a birnin nan shi ne kulle. Baƙo zai ɗauka matar kulle ba ta da ko sisi. Alhali a lungunan Fagge ko Yakasai za ka tarar da ita tana tuyar ƙuli-ƙuli, tana ɗinkin hula, tana zubin adashi, kuɗin kuma nata ne, miji ba shi da iko da su. Sai dai ƙafar wannan sana'a ita ce 'yarta mai talla, wadda sau da yawa karatunta ne ke salwanta.